Abin da ya sa siginar mota ke ƙiftawa da sauri, da yadda ake gyara ta

Kusan duk mai tuƙi ya san sautin siginar motarsa kamar yadda ya san muryar 'ya'yansa. Da ya taɓa sandar da ke gefen sitiyari, sai ya ji ƙas, ƙas, ƙas a natse, koriyar kibiya tana ƙiftawa a gabansa. Amma wata rana sai sautin ya sauya. Kibiyar ta riƙa ƙiftawa da gaggawa, ninki biyu na yadda ta saba, kamar ana korar ta.

Direbobi da yawa ba sa ɗaukar wannan a bakin komai. Mota na tashi, birki na ci, kibiya kuma na nunawa, don haka sai a ci gaba da harka. Wasu kan yi makonni a haka, wasu watanni, har kunnensu ya saba da sabon sautin.

Sai dai wannan saurin ba lalacewa ba ce da ta zo haka kawai. Da gangan masu ƙera motoci suka tsara shi, domin ya sanar da direba cewa akwai fitilar sigina a waje da ta daina aiki yadda ya kamata. Ma'ana, a lokacin da yake ganin kibiya na ƙiftawa a cikin mota yana zaton ya sanar da kowa zai karya kwana, mai yiwuwa wanda ke bayansa ko wanda ke tahowa ta gabansa bai ga komai ba.

Saƙo ne daga motar

Ƙa'idojin ƙera motoci na Turai da na Amurka sun yi daidai a kan cewa sigina za ta ƙifta tsakanin sau 60 zuwa 120 a minti ɗaya. Yawancin motoci suna tsayawa ne a tsakiya, wajen sau 80 zuwa 90. Ƙa'idojin sun kuma buƙaci mota ta nuna wa direba alama idan babban ƙwan sigina ya mutu, tunda daga kujerarsa ba ya iya ganin fitilun waje. Hanyar da aka fi bi wajen ba da wannan alama ita ce ƙara saurin ƙiftawar.

Abin da ke kunna fitilun yana kashewa wata 'yar na'ura ce da masu gyara ke kira filasha. A yawancin ƙananan motoci, kowane ɓangare yana da ƙwai mai ƙarfin wat 21 a gaba, wani mai wat 21 a baya, sai kuma ɗan ƙarami mai wat 5 a gefen mota ko a jikin madubi. Idan aka haɗa, ɓangare ɗaya yana jan wutar da ta kai wat 47.

Filasha tana auna yawan wutar da ke wucewa ta cikinta. Idan babban ƙwai ɗaya ya ƙone, abin da ake ja zai faɗo zuwa wajen wat 26, kusan rabi ke nan. Da ta ga haka sai ta ninka saurinta. Ba ta san ko ƙwai ne ya ƙone, ko waya ce ta tsinke, ko tsatsa ce ta toshe hanya ba. Abin da kawai ta sani shi ne wutar da ake ja ta yi ƙasa da yadda aka tsara.

Wannan shi ne mabuɗin gane matsalar baki ɗaya: duk abin da ya rage jan wuta a layin sigina zai iya sa ta sauri.

A tsofaffin motoci lamarin ya sha bamban. Filasharsu tana aiki ne da wani siririn ƙarfe da ke lanƙwashewa idan ya yi zafi ya yanke wuta, ya miƙe idan ya huce ya sake haɗa ta. Daga nan sautin ƙas-ƙas ya samo asali. A irin waɗannan, idan ƙwai ya mutu sau da yawa sigina kan rage sauri ne, ko ta tsaya a kunne ba ƙiftawa. A sabbin motoci da yawa kuwa babu filasha a matsayin na'ura mai zaman kanta, kwamfutar motar ce ke yin aikin, sautin ma daga 'yar lasifika yake fitowa don kada direba ya rasa abin da kunnensa ya saba da shi.

Binciken da ba ya buƙatar ko sisi

Kafin a je gareji, akwai binciken da mai mota zai iya yi a ƙofar gidansa cikin minti biyu.

Abu na farko shi ne a gane ko ɓangare ɗaya ne ke sauri ko duka biyun. A murɗa makulli, a kunna siginar hagu a saurara, sannan a kunna ta dama. Idan ɓangare ɗaya ne kawai, matsalar tana kan fitilu ko wayoyin wannan ɓangaren. Idan duka biyun ne, sai hankali ya koma kan abin da suka yi tarayya a kai, wato filasha, ko irin ƙwayayen da aka sa wa motar.

Abu na biyu, a bar siginar a kunne, a fito a zagaya motar, a duba ta gaba, ta baya da ta gefe. Mafi yawan lokuta a nan zance ke ƙarewa, domin za a tarar da fitila ɗaya a mace. Idan rana ta yi tsananin haske, a shigar da motar inuwa ko a bari sai da yamma, saboda ƙwan da ke ci dishi-dishi yana da wuyar ganewa da tsakar rana. A kwatanta hasken hagu da na dama, wanda ya fi rauni shi ne abin zargi.

Fitilun gaggawa, waɗanda ke kunna ɓangarorin biyu a lokaci guda, suna taimakawa wajen wannan kwatancin. Amma a lura, a motoci da yawa saurinsu ba ya sauyawa ko da akwai mataccen ƙwai. Don haka ganin suna ƙiftawa daidai a cikin mota ba shaida ba ce cewa komai lafiya.

Abu na uku shi ne mai mota ya tambayi kansa abin da aka yi wa motar kwanan nan. An sauya fitilun baya? An kai ta wurin mai gyaran jikin mota bayan wani ya goge ta? An wanke ta da ruwa mai ƙarfi, ko ta ratsa ambaliya? Sau da yawa amsar tana nan. Ba sabon abu ba ne a cire bamba ko gidan fitila domin fenti, a mayar da su a manta ba a jona soket ba.

Ƙonannen ƙwai

Shi ne kan gaba cikin dalilan, shi ne kuma mafi sauƙin gyara. A yawancin motoci ana kaiwa ga ƙwan baya ne ta cikin but, na gaba kuma ta ƙarƙashin bonet ko ta bayan taya. Ana murɗa soket ɗin kaɗan a zaro shi. Idan siririyar wayar da ke cikin ƙwan ta tsinke, ko gilashin ya yi baƙi, to ya gama aiki.

Hanya mafi tabbaci ita ce a ɗauko ƙwan ɗaya ɓangaren da ke aiki a gwada a wurin. Idan ya kama kuma saurin ya koma daidai, an gano bakin zaren.

Wajen sayen sabo ne ake yawan yin kuskure. A kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja, ƙwayaye masu kama da juna suna da yawa, amma ba ɗaya suke ba. Lambar kowanne tana rubuce a gindinsa, kamar P21W, PY21W, 1156, 7440 ko 3157. Idan aka sa mai wat 10 a gurbin mai wat 21, zai kama, amma haskensa zai yi rauni kuma saurin ba zai daina ba. Abin da ya fi shi ne a tafi da tsohon ƙwan a hannu a nemi irinsa sak.

Launi ma abin lura ne. Idan murfin fitilar fari ne, dole ƙwan ya zama mai launin ruwan goro. Shi PY21W an karkata 'yan ƙusoshin gindinsa da gangan don kada farin ƙwai ya shiga gurbinsa. Wasu kan kankare ƙusa ɗaya su tura shi da ƙarfi, daga baya ƙwan ya riƙa motsi a cikin soket yana ɗaukewa duk lokacin da aka faɗa rami.

Akwai kuma batun motocin da aka shigo da su daga Amurka, waɗanda suka cika titunan Najeriya. Dokar can ta yarda siginar baya ta zama ja, kuma a wasu motocin ƙwai ɗaya ne ke yin aikin birki da na sigina. Irin wannan ƙwan yana da wayoyi biyu a ciki, ɗaya ta ƙaramar wutar dare, ɗaya mai ƙarfi ta birki da sigina. Mai ƙarfin na iya ƙonewa ta bar ƙaramar tana ci. Mai mota ya duba da dare ya ga jan haske ya ce lafiya lau, alhali ya rasa sigina da wutar birki na wannan ɓangaren gaba ɗaya.

Idan ƙwai lafiyarsa ƙalau

Idan an sa sabon ƙwai amma bai kama ba, ko yana kamawa yana ɗaukewa, sai a duba soket. Da damina ruwa na shiga ta fasasshen murfin fitila ko ta robar da ta tsufa, ya kwanta a ciki. Da rani kuma ƙura ce ke taruwa. Sakamakon shi ne tsatsa ko wani kore-kore a kan ƙarafunan da ke taɓa gindin ƙwan, wuta ta kasa wucewa sosai. Ana goge wurin da 'yar takardar yashi bayan an kashe mota, a ɗan ɗago ƙarfen idan ya kwanta. Soket ɗin da zafi ya narkar kuwa sai dai a sauya shi. Kuma muddin ba a toshe inda ruwan ke shiga ba, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Wata matsalar da ke rikita mutane ita ce ta wayar da ke mayar da wuta jikin mota. Kowace fitila tana karɓar wuta ta waya ɗaya, ta mayar ta wata da aka ɗaure da noti a jikin ƙarfen motar. Idan wannan wurin ya yi tsatsa ko ya saki, wutar kan nemi wata hanyar komawa ta cikin sauran fitilun. Alamarta a bayyane take: an kunna sigina amma fitilar birki ko ta dare tana ƙiftawa tare da ita a raunane, ko kuma a taka birki sigina ta ɗauke. Wanda ya taɓa bin bayan tsohuwar tasi da dare ya san wannan yanayi. Maganinsa a kwance notin, a kankare wurin har ƙarfe ya fito fes, a sake ɗaurewa tam.

Sai kuma wayar da ta tsinke a hanya, ko dai ɓera ya ci, ko ta goge a inda murfin but ke buɗewa da rufewa, ko wani tsohon haɗi da aka naɗe da leda ya saki. Wannan aikin mai wayarin mota ne, wanda zai bi layin da fitilar gwaji ko mita har ya ga inda wutar ta tsaya.

Game da fiyus, wanda mutane da yawa ke fara zargi, ba kasafai yake jawo sauri ba. Idan fiyus ya ƙone yawanci sigina kan mutu ne ɗungurungum. Ita ma filasha takan lalace, amma ba ita ake fara sauyawa ba, musamman idan ɓangare ɗaya ne ke sauri. Wanda ya sayi sabuwar filasha alhali ƙwan baya ne a mace ya bar jaki yana dukan taiki.

Zamanin fitilun LED

A 'yan shekarun nan wani sabon dalili ya shigo. Masu motoci, musamman matasa, suna cire ƙwayayen da mota ta zo da su suna sa na LED, saboda sun fi haske, sun fi daɗewa kuma sun fi kyan gani. Da an gama sawa sai sigina ta kama sauri, duk da cewa kowace fitila tana ci.

Dalilin shi ne LED ba ya shan wuta. Inda tsohon ƙwai ke jan wat 21, shi 'yan wat kaɗan yake ja. A wurin filasha wannan daidai yake da mataccen ƙwai.

Hanyoyin gyara uku ne. Ta farko, a motar da filasharta ke cirewa, a sauya ta da wadda aka yi domin LED, mai ƙafafu iri ɗaya da tsohuwar. Ta biyu, a motar da kwamfuta ke sarrafa fitilu, wasu ana iya sauya musu saiti da na'urar binciken mota a wurin ƙwararre. Ta uku, wadda aka fi yi saboda sauƙinta, ita ce a haɗa wa kowane ƙwai wani ɗan ƙarfe mai shan wuta da ake kira resista, yawanci mai om 6 da wat 50, domin ya ja wutar da tsohon ƙwan ke ja.

Wannan hanya ta uku tana da haɗurra biyu da ya kamata mai mota ya sani. Resista yana mayar da wutar da ya sha zuwa zafi, zafin da zai iya ƙona hannu ya narkar da roba. Dole a ɗaure shi a jikin ƙarfe, nesa da wayoyi, kafet da robobi. Wanda aka naɗe da salatif aka cusa a bayan fitila yana iya zama sanadin gobara, musamman idan an bar fitilun gaggawa a kunne na tsawon lokaci.

Haɗari na biyu ya fi ɓoyuwa. Resista yaudarar filasha yake yi. Ko da ƙwan LED ɗin ya mutu daga baya, resista zai ci gaba da jan wuta, filasha ta ci gaba da ƙiftawa a natse, direba kuma ba zai taɓa samun gargaɗi ba. Yawancin filashar LED ma haka suke, ba sa nuna mutuwar ƙwai. Don haka duk wanda ya koma LED ya rufe bakin mai gargaɗinsa, kuma nauyin zagaya mota yana duba fitilu lokaci-lokaci ya dawo kansa.

Ba kowane LED ne ma ya dace da gidan fitilar da aka ƙera domin tsohon ƙwai ba. Wasu masu araha suna da ƙyalli da dare, amma da rana ba a ganinsu daga nesa. Idan haka ne, komawa kan ƙwan asali shi ne gyara mafi arha kuma mafi aminci.

Daga hannu zuwa ƙiftawa

Kafin fitilu, da hannu direbobi ke nuna inda za su juya. Daga baya motocin Turai suka zo da wani ɗan hannu mai haske da ke fitowa daga gefen mota ya miƙe, wanda Turawan Ingila suka sa wa sunan da har yau ake ji a bakin direbobin Najeriya, wato tirafiketa. Tsofaffin Volkswagen ƙirar kunkuru sun yi amfani da shi har zuwa wajen 1960. Sigina mai ƙiftawa kuwa kamfanin Buick na Amurka ne ya fara sa ta a motocinsa a 1939, daga nan ta bazu har ta zama doka a ƙasashen duniya.

Duk wannan tafiyar manufarta ɗaya ce, mutum ya sanar da niyyarsa kafin ya aikata. A Najeriya, inda aka koma tuƙi ta hannun dama tun 1972, juyawa hagu na nufin tsallaka layin masu tahowa. Direban da ya rage gudu a tsakiyar titi yana jiran ya karya hagu, siginarsa ta baya kuma a mace, ya bar na bayansa cikin duhu. Mai babur ko mai a-daidaita-sahu da ke ƙoƙarin wuce shi ta wannan gefen shi ne zai fara kwana a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum kusan miliyan 1.19 ne ke mutuwa duk shekara a haɗurran hanya, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu kekuna da babura.

Ban da haɗari akwai kuma doka. Tuƙa mota da fitilun da ba sa aiki laifi ne da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, da masu duba lafiyar motoci na jihohi ke iya tsayar da mutum a kansa, kuma tarar ta fi kuɗin ƙwai nesa ba kusa ba.

Abin da ya kamata a tambayi mai gyara

Idan binciken gida bai gano matsalar ba, kuma dole sai an je wurin mai wayarin, akwai abubuwan da mai mota zai tsaya a kansu. Ya nemi a nuna masa abin da ya lalace kafin a sauya komai. Kada ya yarda a yanke wayoyin mota barkatai ana neman matsala, ko a sa waya a gurbin fiyus. Idan za a sa resista, ya ga inda aka ɗaure shi da idonsa.

Sannan kafin ya biya, ya tsaya a wajen motar, wani ya kunna masa hagu da dama, ya taka birki, ya kunna wutar dare, shi kuma ya zagaya ya tabbatar kowace fitila tana ci da ƙarfinta. Dawowar sautin daidai a cikin mota bai isa shaida ba, domin ana iya daidaita sautin a bar fitilar a mace. Wanda ke bin motar a baya ba ya jin ƙas-ƙas, hasken kawai yake gani.